Wai taurarin da muke gani duk sun mutu?

Sanusi: Salamu alaikum ƴan fada. Akwai bidiyon da ke yawo, mai maganar ya ce taurarin da muke gani da dare duk sun mutu tuntuni, haskensu ne kawai ya rage a hanya. Ni dai na gamsu.

Mushe Iliya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cewa haske na daɗewa a hanya gaskiya ne. Yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma na rana sai ya yi minti 8 da ƴan kai kafin ya iso Damagaram. Inda muka raba hanya da mai bidiyon shi ne "duk sun mutu". Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, haskenta bai cika shekara 9 a hanya ba. Kaza da ƴaƴanta wajen shekara 440. Tauraro irin ranarmu kuwa yana kai shekara miliyar 10. Ta yaya za a ce duk sun ƙare cikin ɗan wannan lokacin?

Hadiza: Mushe, a yi mini haƙuri. Tunda tsohon haske ne, wa ya je ya dubo suna nan? Kamar wasiƙar da ta yi wata a hanya daga Agadas ce, ba ka san halin da mai ita yake ciki yau ba.

Mushe Iliya: Tambaya ke nan, Hadiza. Ba wanda ya je. Masu bincike suna rarraba hasken tauraro launi-launi, su gane zafinsa da abin da ke cikinsa, daga nan su san ko yaro ne ko ya tsufa. Na Kaza farare ne masu shuɗi-shuɗi, shekarunsu wajen miliyan 100, a taurari ƙuruciya ke nan. Tsohon da ake sa wa ido shi ne Betelgeuse, jan nan da ke fitowa ta gabas da farkon dare lokacin ɗari. A ƙarshen 2019 ya dushe har aka fara cewa zai fashe. Daga baya aka gano ƙura ce da ya fitar ta tare shi.

Malam Habu: Kakana a Mirriya da Kaza yake lissafin shigowar damina, ni ma ita nake dubawa in babu hazo. Ban ga ko ɗaya daga ƴaƴanta ya ɓata ba. Allah ne masanin gaibu, amma ku daina ɗaukar duk abin da waya ta kawo.

Sanusi: Allah gafarta Malam, na ji. To amma Mushe, a 1054 masanan Sin sun rubuta wani tauraro da ya bayyana har da rana tsaka ana ganinsa, ashe fashewa ya yi. Nisansa shekarar haske 6,500 ne, wato haskensa ya yi shekara 6,500 a hanya. Ke nan mutanen da suka rayu cikin shekaru 6,500 kafin wannan shekarar, tauraron ya riga ya fashe ba su sani ba.

Mushe Iliya: Haka ne, kuma ina son wannan misalin ƙwarai. Abin da ya bari yana nan, ɗan dunƙulen tauraro mai juyawa sau 30 a daƙiƙa, kuma na'urorin hangen sama na H.E.S.S. a Namibiya suna kama wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, mai suna gama, da ke fitowa daga wurin. Amma guda ne. Rabon da ido ya ga irin wannan fashewa a cikin rukunin taurarinmu tun 1604.

Hadiza: Hotunan Webb fa, na'urar hangen nesan nan da ke sararin samaniya? An ce hasken wasu rukunonin taurari da ta ɗauka ya haura shekara miliyar 13 a hanya.

Mushe Iliya: Can kam manyan taurarin ciki sun ƙare da daɗewa, ba gardama. Sai dai ba mai ganinsu da ido daga unguwar Birni ko Zango a nan Damagaram, kuma mai bidiyon cewa ya yi waɗanda muke gani.

Sanusi: Na bar "duk", amma Betelgeuse ban sake shi ba. Haskensa ya fi shekara 500 a hanya, kuma kai da bakinka ka ce tsoho ne.

Mushe Iliya: Shi kam mai yiwuwa ne, ko da yake mafi yawan masu lissafin suna ba shi har shekara 100,000 nan gaba.