Sabar makarantarmu mai FreeBSD ta daina karɓar sabuntawa, wai wa ke kula da abin nan?

Dan_Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar saba ku taimaka min da shawara. Ina aiki wata makarantar kuɗi nan cikin Sakkwato, ɗakin kwamfutoci na hannuna, kuma akwai wata tsohuwar kwamfuta da munka maida saba, cikinta sakamakon jarrabawar yara yake da takardun kuɗin makaranta, ita ke raba ma ofisoshi fayil. Wani ɗan bautar ƙasa ya haɗa ta lokacin da yake nan, ya sa mata FreeBSD 12.2 (tsarin tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), ya ƙare hidimarshi ya koma garinsu, lambarshi ma ba ta shiga yanzu. Gaskiya ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba, ko zafin Afrilu ko ƙurar hunturu tana nan tana aikinta, sai kwanan ga na so in ƙara wata manhaja na buga pkg install, umarnin sauke manhaja, ta ce ba ta samu ma'ajiyar ba, freebsd-update kuma sai gargaɗi yake wai wagga siga ta wuce wa'adinta.

Da na kai ma mai makaranta maganar sai yac ce to wane kamfani na, a kira su mu biya su gyara. Na ce Alhaji ai ba kamfani ba ne, kyauta anka saki. Nan fa ya sauya fuska, wai abin da babu mai shi ya za a ɗora mai amanar takardun ɗiyan mutane, a goge a sa Windows kowa shi huta. Ni kuma ban da amsar da zan ba shi. Shin wa ke rubuta abin nan, wa ke biyan su, in sunka gaji sunka watse fa? Kuma sabar tamu mi ya kamata in yi mata?

Malam_Dundaye:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayar Alhaji tambaya ce mai kyau, kada ka ga laifinshi, sai dai ka gyara mai zance guda: abin yana da masu shi, kawai dai ba mutum guda ba ne.

Asalin FreeBSD daga jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka ya fito, inda sunka ɗauki wani tsohon tsari, Unix na Bell Labs, suna ta gyara da ƙari har ya zama abin da aka sani da BSD. FreeBSD na farko ya fito ƙarshen 1993, wato ya haura shekara 30 ana kula da shi ba a tsaya ba. Yadda tsarin yake, akwai mutane ɗaruruwa a ƙasashe daban-daban da anka ba izinin shigar da gyara kai tsaye cikin tushen manhajar, ba wai kowa ya tashi daga barci ya zuba abin da ya ga dama ba, sai ka daɗe kana turo gyara ana dubawa, an ga aikinka, sannan a ba ka izinin, kuma ko an ba ka sai an haɗa ka da wani tsohon hannu yana duba duk abin da za ka shigar na wani lokaci. Waɗannan su ke zaɓen kwamitin koli na mutum 9 duk bayan shekara 2. Ban da su akwai ƙungiyar da aikinta kawai fitar da sabuwar siga, akwai ta tsaro mai fitar da sanarwa in an gano ɓaraka, akwai masu kula da manhajojin da kake saukewa da pkg, sun fi 30,000. Aikin gayya ne amma gayya mai sarki da ka'ida.

Maganar kuɗi kuwa, da yawa sa kai suke, wasu kuma kamfanoni ke biyan su albashi don kamfanin da abin yake cin abinci. Netflix da FreeBSD yake tura bidiyo daga sabobinsa, kuma injiniyoyinsa suna maido da gyaran da sunka yi. PlayStation 4 na Sony a kan FreeBSD anka gina tsarinsa. Akwai kuma FreeBSD Foundation da anka kafa a 2000, ita ke tara gudummawa tana ɗaukar ma'aikata tana sayen injuna. Jan Koum, ɗaya daga waɗanda sunka kafa WhatsApp, ya ba ta dala miliyan 1 a 2014 saboda da FreeBSD sabobin WhatsApp sunka tashi. A 2024 ma wani asusun gwamnatin Jamus, Sovereign Tech Fund, ya zuba Yuro 686,400 don gyaran kayan aikin ginin tsarin. Ka faɗa ma Alhaji zancen WhatsApp ɗin nan, shi zai fi shiga kunnenshi.

Yanzu matsalarka. Ba watsewa sunka yi ba, sun wuce gaba ne sun bar ka baya. Sabon aiki duk yana shiga reshen da ake kira CURRENT, in ya zauna lafiya a kwaso shi zuwa STABLE, daga nan ake yanke RELEASE irin wanda ke kan sabarka. Jerin 12 ya fito Disamba 2018, anka kula da shi shekara 5, anka rufe shi 31 ga Disamba 2023. Kai 12.2 ma ta riga haka mutuwa, don ƙaramar siga wata 3 kawai take samu bayan wadda ke bi mata ta fito. Tun lokacin duk ɓarakar da anka gano ba wanda ya toshe maka ita.

Maman_Ilham:

Malam ya gama bayani, ni aikin hannu zan ƙara. Ɗan'uwa kafin ka taɓa komai, kwafi. Samo faifan ajiya na waje ka kwashe sakamakon yaran nan da takardun kuɗi, ka kai wata kwamfutar ka buɗe ka tabbatar suna buɗuwa, ka haɗa da /etc da /usr/local/etc don nan saitin Samba yake in da ita ake raba fayil, wanda kusan na tabbata ita ce.

Hanya biyu gare ka. Ko ka hau mataki-mataki da freebsd-update, daga 12 zuwa 13 sannan 14, kowane hawa sai ka buga install ka sake kunna injin ka ƙara buga install, sannan ka tilasta ma pkg ta sake sauke dukkan manhajoji da pkg upgrade -f saboda na tsohuwar siga ba su tafiya daidai a sabuwa, sannan install na ƙarshe. Ko kuma ka sayi sabon faifai ka sa sabuwar siga fes ka maido fayilolinka, tsohon faifan ka cire ka ajiye cikin durowa yadda yake. Ni ta biyun nake ba mutane shawara a garin nan, dalili wuta. In anka ɗauke wuta kana tsakiyar hawa, rabin tsarin sabo rabi tsoho, ranar za ka san ba ka da wayo. Kuma faifan da ya kwana biyu yana juyawa cikin zafin Sakkwato dama lokacin hutunshi ya yi. In za ka sa sabon ka zaɓi ZFS, wani tsarin ajiye fayil a faifai, wurin girkawa, ya fi jure yankewar wuta kuma yana gane in fayil ya lalace, sannan nan gaba kafin kowace sabuntawa ka buga bectl create, in abu ya ɓaci ka koma yadda kake jiya daga wurin kunnawa. Ka yi aikin ranar Asabar a kan inbata ko sola, ba ranar da ake buga sakamako ba don Allah.

Sarkin_Waya_Arkilla:

Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Duk wanga tarihi da Malam ya kawo gaskiya na, amma tambayar da ya kamata a yi ita ce in Dan_Mabera ya samu wani aiki gobe ya tahi, wa zai riƙe sabar? Ku zaga garin ga kaf, mutum nawa za ku samu da sunka taɓa girka FreeBSD? Amma Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, ko ɗalibin kwamfuta na jami'ar Danfodiyo ko na Poli ka kira ya taɓa ganinta, in ya maƙale ya hau YouTube ya samu amsa. Ubuntu LTS, sigarta mai dogon wa'adi, na fita duk Afrilu bayan shekara 2 kuma shekara 5 ana kula da ita, Samba ɗin nan dai ita ce a can. Abin da ya faru da ɗan bautar ƙasa shi zai sake faruwa, mutum guda ya sa abin da shi kaɗai ya iya.

Kuma kada mu riƙa nuna kamar duniyar manhajar kyauta ba ta da rami. Kun manta xz a Maris 2024? Ƙaramar manhajar matse fayil wadda kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, mutum guda ke ta fama da ita shekara da shekaru ba ko sisi, ya gaji, wani mai kiran kanshi Jia Tan ya lallaɓo yana taimako kusan shekara 2 har anka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar baya. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya gano, shi ma don ya lura shiga saba daga nesa ta ssh ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Saura ƙiris abin ya shiga manyan sigogin da duniya ke amfani da su. To tsoron Alhaji ba na banza ba na.

Malam_Dundaye:

Sarkin Waya zancenka na farko na karɓa hannu biyu, wanda zai gaji saba ya fi sunan tsarin da ke kanta muhimmanci. Na biyun ne nake da ja. Ai misalin xz da ka kawo ɓangaren Debian da Fedora anka auna da shi, dangin Ubuntu ɗin da kake tallatawa, ka ga ba guduwa za ka yi daga matsalar ba. Kuma an kama shi ne saboda kowa na iya buɗe cikin abin ya duba.

Gajiya da rashin kuɗi kam akwai su, ban musu ba. OpenBSD, ɗan'uwan FreeBSD, wanda Theo de Raadt ya ware daga NetBSD a 1995 yake jagoranta daga Kalgari a Kanada, a farkon 2014 sai da sunka fito fili sunka ce kuɗin wutar injunansu, wajen dala 20,000 a shekara, na neman durƙusar da su. Mutanen da sunka rubuta OpenSSH fa, manhajar ssh ɗin nan, abin da kusan duk wata saba a duniya ke amfani da shi. Jama'a sunka tara masu, sunka ci gaba, har yau duk wata 6 sai sun fitar da sabuwar siga ba fashi. A shekarar ce kuma anka gano ɓarakar Heartbleed cikin OpenSSL, manhajar ɓoye sirrin sadarwa, mutanen OpenBSD sunka ɗauki kod ɗin sunka share tarkace sunka fitar da LibreSSL.

Shi kuma kamfani da Alhaji ke ganin shi ne tudun dafawa, ai shi ma yana rufe siga. Windows 7 an daina kula da ita Janairu 2020, Windows 10 kuma Oktoba 2025, kuma tsohuwar kwamfuta irin tasu da wuya ta cika sharuɗɗan Windows 11, balle kuɗin lasisin Windows Server. CentOS 8, wani Linux na saba, an ce ma mutane har 2029, kamfanin Red Hat mai shi ta tashi a Disamba 2020 ta ce ƙarshen 2021 za ta rufe. Abin da ya ceci mutane shi ne tushen a buɗe yake, wasu sunka ɗauka sunka yi Rocky Linux da AlmaLinux. Da rufaffe ne sai dai a yi ta Allah ya isa.

Inda FreeBSD ke da rauni na gaske shi ne laftof, manhajojin da ke sa Wi-Fi aiki sun daɗe suna baya da Linux, Foundation ɗin ma ta ware aiki na musamman kan haka tun 2024. Amma saba da ke zaune da waya a bayanta wannan bai shafe ta ba.

Dan_Mabera:

Allah shi saka da alheri Malam, Hajiya na gode, Sarkin Waya kai ma zancenka ya shige ni. Na duba da zpool status, umarnin duba ZFS, ta ce babu komai, ashe tsohon tsarin UFS ce ba ZFS ba, to hanyar sabon faifai zan bi. Na yi ma Alhaji bayanin WhatsApp da Netflix ya ɗan sauko, amma yac ce shi sharaɗinshi a rubuta komai a takarda a ajiye ofis, da kalmar sirri da yadda ake kunnawa da kashewa, kuma in koya ma malamin lissafi namu. Abin da ban yanke ba shi na FreeBSD 14 ko Ubuntu. Hajiya memorin injin 4GB na, ZFS zai zauna a haka?

Maman_Ilham:

Zai zauna, raba fayil ma ofisoshi kaɗan ba wani nauyi ba ne, kada dai ka kunna dedup mai haɗe bayanan da sunka maimaitu, shi ke cinye memori. In ka samu 8GB na hannu wurin masu gyaran kwamfuta ka ƙara, ba tsada. Kafin ka sauke ka leƙa shafin tsaro na freebsd.org, akwai jadawalin sigogin da ake kula da su da ranar rufe kowace, ka ɗauki wadda ke da sauran kwana, ka rubuta ranar cikin takardar Alhaji da jan biro. Ka zaunar da malamin lissafin ya girka duka biyun a wata kwamfutar ɗalibai, wadda ya fi ganewa ita za ku sa.