Because ko because of? Saƙon Kumasi ya hana kawuna barci

Ɗan Albasa, Tawa

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka yi nisa a Ingilishi. Ni nake riƙe wa kawuna waya. Albasa yake saye a Galmi da Tamaske, mu loda ta zuwa Gana. Yawancin abokan cinikinmu mutanen zango ne, Hausa muke yi da su, amma akwai wata mata a Kumasi da ba ta jin komai sai Ingilishi da yarensu, kuma ita ce mai biyan kuɗi a kan lokaci. Na yi lakwal, Faransancina ba laifi, Ingilishi kuwa tun na ajin siziyam ne da abin da na tsinta a WhatsApp.

Makon jiya motarmu ta lalace bayan Doso, ta kwana biyu a bakin hanya, albasa na shan rana cikin buhu. Na rubuta mata: "The truck broke down because the heat." Ƙanena da yake leƙen wayar ya yi ta dariya, wai na cinye "of". Ita kuma ta amso: "No problem, I will put it down to bad luck. But don't put off the next load because of this." Ni da na ga "put" ga kuma "down", sai na ce wa kawu matar nan za ta karya farashi. Wallahi daren nan bai runtsa ba, da asuba ya kira dillalinmu yana faɗa. Ashe ba ta ce komai a kan kuɗi ba.

To, yaushe ake sa "of" ɗin nan? Kuma me ya sa "put" ɗaya, yau da "down" gobe da "off", ma'ana ta yi gabas ta yi yamma?

Mushen Ingilishi, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Kuskurenka na farko Hausa ce ta jawo maka shi. "Saboda" namu ba ya zaɓe: muna cewa saboda zafi, muna kuma cewa saboda injin ya yi zafi, kalma ɗaya ta ɗauki suna ta ɗauki jimla. Ingilishi ya raba aikin gida biyu, kuma kai da ka san Faransanci an gama maka rabin wahala. Duk inda za ka ce "parce que", sa "because", jimla cikakkiya mai aikatau, wato kalmar aiki, ta biyo baya. Duk inda za ka ce "à cause de", sa "because of", suna ya biyo baya. Ke nan ko dai "The truck broke down because of the heat", ko "The truck broke down because the engine was too hot". Naka ya faɗa tsakiya ne, ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Su "break down" da "put off" kalma ɗaya ce da aka rubuta a rabe. Kada ka fassara "put" daban, "off" daban. Mu ma muna da irinsu: wanda ya san "ci" kaɗai ba zai gane ci gaba ko ci amana ba, kuma sha kan mutum ba shi da haɗi da ƙishirwa. "Put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci, "call off" fasawa gaba ɗaya, "turn down" ƙin karɓa, "give up" sallamawa. Abin da nake koya wa ɗalibaina: a rufe aikatau da ƴar kalmarsa, irin su "off", tukuna, a kawo abin da aikin ya faɗa wa, sannan dalili ya zo daga ƙarshe. "They called off the trip because of the rain." Ba a cusa dalili tsakanin "called" da "off".

Wanda ya rikita ka kuwa, "put it down to", dalilin yana cikinsa, ba ya neman "because". Danganta abu da sanadinsa ne. Matar cewa ta yi ta ɗauki abin a matsayin tsautsayi, ba ta ga laifinku ba. Ƴan uwansa su ne "bring about" da "lead to", wato haddasawa, da "stem from", wato samo asali. Ka yi hattara da tagwayen nan: "result in" yana nuna abin da aka haifar, "result from" yana nuna abin da ya haifar. "The delay resulted in losses", jinkiri ya jawo asara. "The losses resulted from the delay", asara daga jinkiri ta fito. Ka musanya su, ka ce asara ce ta tsayar da mota.

Wata dabara ga mu ƴan Nijar: da yawa daga cikin irin waɗannan kalmomi suna da takwara mai kama da Faransanci, don bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci sun kwarara cikin harshen. "Give up" na da "abandon", "go on" na da "continue", "turn down" na da "refuse". Idan takarda ce ta ofis, waɗannan sun fi dacewa. A baki dai mutane gajerun suka fi yi, dole kunnenka ya saba da su.

Tsohon Direba, Birnin Ƙonni

Mushe ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni ban zauna aji ba, amma na daɗe ina bin hanyar nan ta Burkina har in shiga Gana ta Paga, kuma jimla uku suka riƙe ni: "we ran out of diesel", "they held us up at the border", "the tyre blew out". In an tambaye ni dalili in ce "because" in kawo duk abin da ya zo bakina, ba wanda ya taɓa mayar mini da kaya don na manta "of". Yarona, abin da zai cuce ka shi ne wanda ka yi wa kawunka: ka ji rabin magana ka kai rahoto. In ba ka gane ba, tura mata saƙon murya ka ce ta sake faɗa da wasu kalmomi. Tambaya ba ta rage farashin buhu. Kuma ku duba ruwan injin kafin ku bar Dogon Dutse, zafin bana ba na wasa ba ne.

Ɗalibar Ingilishi, Jami'ar Abdou Moumouni

Mushe, a gafarce ni, akwai wurin da na ga an tsallake, kuma can ni na fi faɗuwa a shekarata ta farko. Ba kullum "because of" ke kawo dalili ba. Wasu aikatau suna da ƴar kalmar da suka saba tafiya da ita. Idan faɗa ko hukunci ne, "for" ake ji: "He told the driver off for coming late." Idan abu ne da ya sami jiki, "from": "He passed out from the heat", zafi ya sumar da shi. Idan abin da ke cikin zuciya ne ya tura mutum, "out of": "She gave in out of pity", tausayi ya sa ta sakko. Har akan sami "out" biyu a jere, "He backed out out of fear", ya janye don tsoro. Ran da na fara ganinta na ɗauka kuskuren bugu ne na soke ɗaya, malaminmu ya mayar mini da ita da jan biro. Ta farko ta aikatau ce, ta biyu ta dalili.

Yaya Ɗan Albasa, ka lura kuma da yadda matar ta rubuta "put it down", ba "put down it" ba. Idan suna ne kana da zaɓi, "call off the trip" ko "call the trip off". Idan "it" ne ko "them", dole su shiga tsakiya. Amma "run out of" ba ya rabuwa ko kaɗan, sai dai ka haddace waɗanne ke buɗewa.

Sai "thanks to", wanda yake daidai da albarkacin, ko "grâce à". Na alheri ne. Ka sa shi gaban mugun abu, ya koma gatse. "We lost two days thanks to your driver" zagi ne cikin ladabi.

Ɗan Albasa, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Direba, na karɓi faɗan. Ga abin da nake so in tura mata gobe, a duba mini: "We will not put off it. Last time we were held up due to the engine broke down."

Mushen Ingilishi, Yamai

Ƴata ta yi gaskiya, na bar "for" da "from" a baya. Kai kuma ɗana, gyara biyu. "Put it off", kamar yadda ta faɗa maka yanzun nan. Sannan "due to" ɗan gidan su "because of" ne, suna yake so, ba jimla ba. Ko ka ce "because the engine broke down", ko ka ce "due to a breakdown", inda kalmomin biyu suka haɗe suka zama suna guda. Ni da zan bar "due to" ga takardun duwan da sanarwar filin jirgi. Mace ce da kuke ciniki da ita, rubuta mata "because", ka gaya mata ranar da motar za ta tashi daga Galmi.