Me za mu kira hospice da Hausa?

Mai fassara:
Salamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun jiya. An ba ni takardar neman gudummawa in mayar da ita Hausa, kuma hospice ta fito kusan a kowane layi. Ga waɗanda ba su taɓa cin karo da ita ba, kulawa ce da ake yi wa marar lafiyar da likitoci suka ga magani ya daina cin ciwonsa, kamar dajin da ya bazu, ko ciwon zuciya ko na ƙoda da ya kai maƙura. Ba a ƙara wahalar da shi da neman waraka. Ana kashe masa raɗaɗi, a gyara masa kwanciya, a saurare shi, a kama wa iyalinsa. Wani wurin gini ne mai gadaje, wani wurin kuma ma'aikatan ne ke bin marasa lafiya har gida. Da farko na rubuta "asibitin marasa warkewa". Da na karanta a fili sai na ji kamar na yanke wa mutum hukunci, na goge. Masana, a taimaka.

Ɗan jarida:
Malama, mu idan lokacin labarai ya ƙure "gidan masu jiran ajali" muke cewa mu wuce. Ba ta da daɗin ji, na sani, amma mai sauraro yana ganewa nan take. Wasu abokan aiki kuma "gidan gajiyayyu" suke sawa.

Tsohon malamin Hausa:
Ɗana, wa ka sani wanda ba ya jiran ajali? Da ni da kai da likitan duk a layin muke. Sunan da ya haɗa kowa bai ware kowa ba, ga shi kuma yana yi wa gaibu shisshigi. Cuta ba mutuwa ba, haka muka gada.

"Gidan gajiyayyu" kuwa rami ne da wasu suka riga mu hangowa. Akwai wani likitan tiyata a Kanada, Balfour Mount, da ya je Landan a 1973 ya ga yadda ake wannan aiki, ya dawo ya buɗe sashensa a asibitin Royal Victoria da ke Montreal a 1975. Masu jin Faransanci a can, idan aka ce hospice, gidan ajiye fakirai da tsofaffin da ba su da kowa ne ke zo musu a rai. Ya san ba wanda zai yarda a kai uwarsa wuri mai wannan suna, sai ya ajiye kalmar ya fito da palliative care, daga kalmar Latin pallium, wato mayafi ko alkyabba. Abin da ake lulluɓa wa mai jin sanyi ke nan. To ka ga har Turawan sai da suka yi zaman neman kalma irin namu. Idan muka ce gajiyayyu, mun ɗauko abin da ya gudu daga gare shi mun jibga wa kanmu.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba ya gama magana a kan gajiyayyu. Ni abin da zan ƙara daga bakin gado ne. Duk sunan da za ku zaɓa, ku gwada shi haka: za ki iya faɗinsa a gaban marar lafiya yana kallonki? Idan sai kin ja ɗansa waje kin yi masa raɗa, sunan bai yi ba.

Sannan kada ku ɗaure abin da gini. Mafi yawan aikin a gidajen mutane ake yinsa. A Afirka ma haka ya faro: Island Hospice ta Zimbabwe, wadda ta fara a 1979, da Hospice Africa Uganda da Dakta Anne Merriman ta kafa a Kampala a 1993, ƙarfinsu duk a ziyarar gida yake. A Uganda garin morfin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ake damawa da ruwa ya zama na sha, mai araha, a bar wa iyali su riƙa bayarwa a kan lokaci. Wannan "a kan lokaci" shi ne ƙashin bayan aikin. Cicely Saunders, wadda ta buɗe hospice ɗin St Christopher's a Landan a 1967, ita ta nace cewa kada a jira sai ciwo ya motsa mutum ya fara kuka sannan a ba shi magani, a riƙa ba shi bisa agogo don raɗaɗin ya rasa ƙofar dawowa. Ita ce kuma ta ce ciwon mai wannan hali ba na jiki kaɗai ba ne: akwai fargaba, akwai tunanin wa zai riƙe yara, akwai abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ta yi aikin nas, ta yi aikin jin daɗin marasa lafiya, sannan ta koma ta karanci likitanci, don haka ta ga abin ta kowace fuska.

Abu biyu ne fa, kada a cakuɗa. Palliative care ana iya fara ta tun ranar da aka gano ciwo mai tsanani, ana yi ana ci gaba da magani. Hospice sai an kai inda aka dakatar da neman waraka. A Amurka, tsarin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, da ya fara biyan kuɗinta bisa dokar 1982 yana so likita ya shaida cewa, idan ciwon ya bi hanyar da ya saba bi, abin da ya rage bai wuce wata 6 ba. Ta farkon ni "jinyar sassauci" nake ce wa iyalai, kuma ban taɓa ganin wanda ya razana ba.

Ɗalibi:
Ranku ya daɗe, ko za a duba "zangon ƙarshe"? Ko kuma "jinyar rakiya", tunda mai rakiya ba ya tura matafiyi, ba ya kuma riƙe shi, tafiya kawai yake yi a gefensa. Ni dai ta biyun ta burge ni.

Wadda ta yi jinyar mahaifinta:
Ƙanena, a takarda tana da kyau ƙwarai. Amma ni na zauna wata huɗu a gefen gadon mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma har ranar da ya cika yana tambayar ko an biya wa jikarsa kuɗin makaranta, yana faɗa a kan an canza masa tashar rediyo. Rayuwa yake yi. Da wani ya shigo ya ce mini rakiya muka zo yi, da na nuna masa ƙofa. Kowa ya san wace rakiya ce ke fara zuwa a ran mutum a irin wannan ɗaki. Don Allah kada ku sa "ƙarshe" a cikin sunan, kada ku sa abin da ke nuna hanya. Abin da muka nema a lokacin shi ne ya yi barci ba nishi, mu ma mu samu wanda zai karɓe mu na dare ɗaya.

Ɗalibi:
Allah ya jiƙan Baba, Yaya. Na janye.

Tsohon malamin Hausa:
Amin. 'Yata, maganarki ta mayar da ni tushen kalmar. Hospice daga Latin hospes ta fito, kuma abin sha'awa, kalmar tana nufin baƙo, tana kuma nufin wanda ya sauke shi. A Turai ta da, hospice wuri ne a bakin hanya da masu ibada ke sauke matafiya da masu ziyara, a ba su ruwa da makwanci, wanda ciwo ya kayar a yi jinyarsa. Sai daga baya aka keɓe sunan ga masu ciwo mai nauyi, kamar gidan da wasu mata masu zaman zuhudu suka buɗe a Dublin a 1879.

Mu kuwa muna da kalmar a hannu: masauki. Ku dubi saiwarta. Sauka ita ce a ajiye kaya a huta. Mai ciki sauka take yi, mai karatu sauka yake yi, duk wanda ya ɗauko nauyi fatansa ya sauke lafiya. Babu mutuwa a cikin kalmar, babu kuma ƙaryar cewa za a warke. Ku haɗa da abin da malamar jinya ta kawo: masaukin sassauci. Ita ma jinya, in kun lura, halin hospes gare ta. "Mai jinya" yana iya zama wanda ke kwance, yana iya zama wanda ke zaune a gefensa.

Ɗan jarida:
Baba, ba za a ɗauka otal ba ne? Yau in ka ce masauki, ɗaki mai lamba da makulli mutane ke gani.

Tsohon malamin Hausa:
Da masauki kaɗai na ce, da ka kama ni. Ba wanda zai ji "sassauci" a gefensa ya tafi neman ɗaki. Wani abin ma, masu rubutu a waya da ba sa sa ƙugiya "sauki" suke rubuta sauƙi, don haka ido zai riƙa ganin sauƙi a cikin masauki ko ba a nufa ba. Kuskure ne, amma wannan karon ya faɗo mana daidai.

Mai fassara:
Baba, ka warware mini abin da ban ma tambaya ba. Takardar da ke gabana ta neman kuɗi ce, kuma tun jiya nake neman yadda zan sa mai karatu ya ji abin ya shafe shi. In an ce asibiti, mutum zai ce aikin gwamnati ne, ya naɗe hannu. In an ce masauki, dole a tambayi mai masaukin, kuma a wannan aiki jama'a ne. A Ingila, inda abin ya fi kafuwa, gwamnati kusan kashi ɗaya cikin uku kawai take biya na kuɗin gudanar da waɗannan wurare na manya. Sauran daga gudummawa yake fitowa: shagunan da ke sayar da kayan gwanjon da mutane suka bayar kyauta, masu shiga tseren gudu don a tara kuɗi da sunansu, da abin da mamata suka bari a wasiyya. Marar lafiya kuwa ba a karɓar ko sisinsa. Ba kuɗi kaɗai ba, har da lokaci: a Amurka doka ta wajabta wa masu karɓar kuɗin Medicare cewa aƙalla kashi 5 cikin 100 na sa'o'in kula da marasa lafiya ya zama na masu aikin sa kai.

St Christopher's kanta da kyautar marar lafiya ta fara. Wani ɗan gudun hijira daga Poland, David Tasma, da Cicely Saunders ta kula da shi kafin ya rasu a 1948, ya bar mata fam 500, ya ce shi zai zama taga a gidan da za ta gina. Shekara 19 aka yi kafin ginin ya tsaya, kuma an sa tagar. Baƙo ne ya fara zama mai masauki ke nan. Ita ma a nan ta rasu a 2005.

Ma'aikaciyar jinya:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Masaukin sassauci ya tsaya ga gini ko ƙungiyar. Idan ma'aikata ne suka je gida, a ce jinyar sassauci a gida. Kuma 'yar'uwa, in da wuri a takardar, ki sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya: mutum kusan miliyan 56.8 ne ke buƙatar jinyar sassauci kowace shekara, kashi 14 cikin 100 kacal ke samu.

Mai fassara:
Na sa. Ga layin farko yadda ya koma: "Masaukin sassauci ba ya karɓar kuɗi a hannun majinyaci, ku ne masu masaukin." Baba, jam'in fa?

Tsohon malamin Hausa:
Masaukai, don haka masaukan sassauci. Ki cire waƙafin nan ki sa aya, jimla biyu ce.

Ɗan jarida:
Zan gwada ta a labaran yamma. In masu sauraro suka bugo suna tambayar kuɗin ɗaki, Baba, wurinka zan turo su.