Daga Ƙofar Sauri zuwa Manchesta: Musayar Baitoci

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum. Yau kwanana 40 a Manchesta ta Ingila, inda na zo digiri na biyu kan sarrafa kasuwanci, wanda ake kira MBA. Baffa ya ce in ba da labari, ga shi a baiti.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Mai tsare bawa duk inda ya kwana.

Na bar Katsina gero na ƙosawa,
Na iske ƙasar da ake marmarin rana.

Yayyafi da safe, yayyafi da maraice,
Ba tsawa, ba ƙamshin ƙasa a hancina.

Ran da na sauka na yi sallama a mota,
Kowa ya sunkuya, ba mai duba na.

Ba ƙiyayya ba ce, na gane daga baya,
Wata tsohuwa ta raka ni har ƙofar masaukina.

Ɗakin taku huɗu ne in ka auna,
Hayarsa ta wata ta fi ta shekarar gidana.

Duk fam ɗin da na miƙa wa mai kanti,
Sai na juya shi naira a cikin raina.

Lahadin ƙarshen Oktoba an ja agogo baya,
Awa guda ta shiga tsakanina da garina.

Magariba kan same ni ina cikin aji,
Huɗu da rabi duhu ya sha gabana.

Dokar da ta fara a Janairun 2024,
Ta ce in zo ni kaɗai, in bar iyalina.

Ummi ta fara tafiya ina kallo ta waya,
Taku uku ta faɗi, na miƙa hannuna.

Baffa na Rafin Daɗi:

Wa alaika salam, ɗana. Na karanta wa Innarka, ta ce a sake mata baitin Ummi. Ga amsata.

Ɗana, share ido ka miƙe tsaye,
Garin da ka je ba baƙo ba ne a wurinmu.

Audugar Funtuwa da ta Malumfashi,
Can ta riƙa tafiya tun zamanin kakanninmu.

A can suka kafa ƙungiyar auduga a 1902,
Ita ta kawo injin gurza ƙasarmu.

Mu noma, mu tsinka, su auna, su sa kuɗi,
Su saƙa, su dawo da ita, mu saya da guminmu.

Akoko da alawayyo da muka sa muna yara,
Wa ya sani ko zaren daga gonarmu?

Sarki Dikko ya taka Ingila a 1921,
Ya gani, ya dawo, bai sauke rawaninmu.

To kai ma duba min abu guda ɗaya,
Me ya sa mai saƙa ya fi mai noma samu?

Wannan tambayar na aike ka da ita,
Ba don takarda kaɗai muka sai da filinmu.

'Yar Kusugu:

Baffa barka da war haka. Ƙanena, na yi hunturu biyu a garin nan kafin in dawo Daura, saurara.

Daga Daura ta Abdu nake gaishe ka,
Wannan duhun somin taɓi ne, in faɗa maka.

Disamba na tafe da gajeriyar rana,
Kafin ƙarfe huɗu Magariba za ta riske ka.

Azahar da La'asar kamar tagwaye suke,
Riƙa yawo da darduma a jakarka.

Sayi riga mai kauri, ƙyale ta ado,
Safa biyu, da hular da ta rufe kunnenka.

Likitocinsu sun ce a sha bitamin D,
Rana ba ta isa, kar ka dogara da ƙarfinka.

Bi titin Oxford ka miƙe har Rusholme,
Titin Wilmslow da naman halal yana jiran ka.

Juma'a ka nufi masallacin Victoria Park,
Ba ka rasa mai gaishe ka da harshenka.

Awa 20 a mako biza ta ba ka na aiki,
In ana karatu kar ka ƙara, ka tsare kanka.

Sai babba: ɗan ɗakin kara, na san ku da kunya,
Rataye ta a ƙofar aji tare da rigarka.

Shirun da ke ladabi gaban malam a gida,
A can sai a ɗauka ba komai a kanka.

Malam na Gafai:

Ɗalibina, Allah ya ba da sa'a. Abu ɗaya ya tsaya min a rai.

Na ji an ce ilmin kasuwar Turawa,
Ginshiƙinsa da rufinsa kuɗin ruwa.

Kai da ka sauke a gabana kan buzu,
Ka san ayar Baƙara ba ta canzawa.

Ciniki halal ne, ruwa kuwa haramun,
Yaya kake yi in an zo lissafawa?

Ka koya don ka sani, ban hana ka ba,
Amma faɗa min da me kake shirin dawowa.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode, iyayena. Mako guda ina juya maganganunku. Yaya, na je Juma'a inda kika ce, na haɗu da wani Bazazzage, sai da muka gaisa sau uku kafin mu saki hannu. Baffa, ran Asabar na shiga gari takanas saboda kai.

Baffa, na je wani babban gini a tsakar gari,
Royal Exchange, nan aka riƙa yanke farashi.

Kasuwar auduga ce, ta tashi a 1968,
Allon ranar ƙarshe har yau an bar shi.

Na tsaya ƙarƙashinsa na ɗaga kaina,
Na tuna Kaka da buhu a ka yana nishi.

Shi ya sha rana, wani can cikin inuwa
Ya rubuta adadin abin da za a ba shi.

Ga abin da na fara tsinta a darasi,
Kaya na ƙara daraja duk hannun da ya taɓa shi.

Gurza da kaɗi da saƙa da rini da suna,
Kowane mataki da ribar da ke bin shi.

Mu kuwa mun tsaya a matakin farko,
Inda gumi ya fi yawa, kuɗi ke gudun shi.

Ban gama amsa ba, wata biyu bai cika ba,
Amma filin da aka sayar ina sane da shi.

Yaya ta Daura, na bi maganarki ran Talata,
An raba mu shida-shida, kowa da ƙasarshi.

Ɗan Indiya, 'yar Peru, ɗan Sin da sauransu,
Aka ce mara jingina, wa zai ba shi bashi?

Suna ta lissafi a kwamfuta, ni na yi tsit,
Gabana na dukan uku-uku, sai na tashi.

Na ce Innata, da mata goma sha biyu,
Shekara ashirin tana uwar adashi.

Ba takarda, ba lauya, ba wadda ta gudu,
Mai cin amana a unguwa ina zai sa kanshi?

'Yar Peru ta ce su ma suna yi a Lima,
Ɗan Indiya ya ce kakarsa ta rayu da shi.

Malamin ya ce in maimaita sunan a hankali,
Harafi-harafi a farin allo ya rubuta shi.

Na zauna ina kallon kalmar Inna a sama,
Sanyin da na shigo da shi na neme shi na rasa shi.

Malam, gaskiya ne, ruwa na cikin lissafin,
Ina koyo kamar mai nazarin dafi da makarinshi.

Gwamnatin nan ta fitar da sukuk, takardun jari mara ruwa, a 2014,
Fam miliyan 200, haya ce tushenshi.

A gida ma bankin Jaiz ya buɗe tun 2012,
Fannin da nake so kundina ya tsaya a kanshi.

Da shi nake fatan dawowa, in Allah ya so,
Manomin Funtuwa ya sami jari ba ruwa cikinshi.

Maman Ummi:

Gaisuwa ga Baffa da Malam da Yaya. Ban saba baiti ba, a yi min afuwa.

Baban Ummi, gida kowa lafiya,
An kai gero rumbu, hunturu na kan hanya.

Kuka da daddawa da yajin Inna na ƙulle,
Mai tafiya ran Laraba zai kawo su gaba ɗaya.

Ummi yau taku tara ta yi ba ta faɗi ba,
Ta nufi bakin tabarma inda na ajiye waya.

Ta kara a kunne tana ta gwaranci,
Ka kira kafin Isha, tana jiran ta ji murya.