Shawarwarin masu naɗin inji a Yamai kan haƙoran rota

Masu naɗin injin lantarki a Yamai sun tattauna kan injin riloktans, wanda rotarsa, wato ɓangaren da ke juyawa, ba maganaɗisu ba waya, zallan farantan ƙarfe ne masu haƙora. Ƙarfin juyinsa daga fizgar da sitato, wato ɓangaren da ba ya juyawa, ke yi wa haƙorin rota yake zuwa. Shi ya sa suka ce a zurfafa ramin tsakanin haƙoran, a matse tazarar iska da ke tsakanin rota da sitato, amma kada zafi ya sa su gogu. Shawarar da ta fi kwanta mini: haƙorin rota ya ɗan fi na sitato faɗi, in ya zarce, ƙarfi ya ragu. Mai gudun karkarwa kuwa, tsarin 8/6, wato haƙora takwas a sitato, shida a rota, ya fi 6/4, sai dai yana cin ƙarin kayan kunnawa, wato makunnan da ke ba wayoyin sitato wuta.