Koci yana son amsa cikin mako guda, yaya za mu yi?

Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, ɗana yana aji 11, mai jefa ƙwallo ne a besbol. Wata jami'ar Division I (rukuni mafi girma a wasannin jami'o'in Amurka) ta gayyace mu ziyarar da dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta yarda da ita. Muna shirin tafiya kocin jami'ar ya ce zai ba ɗana tallafin karatu, amma da baki, kuma mu ba da amsa cikin mako guda.

Na nemi a rubuta mana, aka ce sai 1 ga Agusta, kafin ya shiga aji 12. Na tambayi ko kuɗin ya haɗa da ɗaki da abinci, shiru. Ga wata jami'ar tana jiranmu wata mai zuwa, yaron ko barci ba ya yi.

Ta yaya zan nemi ƙarin lokaci ba tare da kocin ya janye tayin ba?