Kibod ɗin nan mai doro, me za mu kira shi da Hausa?

Mai tambaya: Jama'a, barkanmu da war haka. Ina fassara wata 'yar takardar jagora don masu koyon aikin kwamfuta a nan Kaduna, sai na zo kan abin da ake rubutawa a jikin kwali ergonomic keyboard, na cije. Kalma ta biyu ba ta da wuya: masu fassara wayoyinmu sun riga sun ce allon madannai, 'yan kasuwa kuma kibod suke cewa, kowa ya gane. Ta farkon ce ta ƙi. Irin allon nan nake nufi da aka tsaga gida biyu, T da G da B a hagu, Y da H da N a dama, tsakiyarsa ta yi tudu, ga matashin ɗora hannu a gaba. Na rubuta "mai daɗin aiki", amma raina bai kwanta ba.

Mai shagon kayan kwamfuta, titin Ahmadu Bello: Malam, mu dai a shago "mai doro" muke ce masa. Wani kuma ya shigo ya ce a ba shi "karyayyen kibod". Har an taɓa dawo mini da guda wai rana ce ta lanƙwasa shi a hanya.

Wata mai bisnes santa kusa da Kaduna Poly: Yayana, cire "daɗi" ɗin nan. Ni da shi nake aiki, kuma a makonnin farko babu wani daɗi, takaici ne zalla. Ashe shekara da shekaru da hannun dama nake danna B, shi kuwa a nan B ya koma hagu, sai yatsa ya faɗa cikin tsagar. Gudun bugun ma ya ragu, ga ɗalibai sun yi layi da furojet. Daga baya ne na lura zugin da ke tashe ni cikin dare a wuyan hannu ya lafa. Wanda ka ce wa "mai daɗi", in ya taɓa ya ji ba daɗi, cewa zai yi an cuce shi. Kuma akwai kibod mai laushi kamar audugar rimi, daɗin dannawa ba a magana, amma miƙaƙƙe ne, hannu yana karkace a kansa yini guda.

Ɗalibi daga Kawo: To me ya sa za mu wahalar da kanmu? Mun ari kwamfuta, mun ari intanet, mun ari rediyo. A ce agonomik kawai a wuce wurin.

Mai shago: Ƙanena, gwada faɗin haka a gaban kwastoma. Ikonomi zai ji, ya ɗauka mai arha ne, alhali ya ninka na gama-gari tsada.

Malamar Hausa: Bayan wannan ma, kalmar aro ta fi zama in akwai abin da za a nuna da yatsa a ce ga shi. Rediyo abu ne, mota abu ce. Wannan kuwa siffa ce, kuma ba allon madannai kaɗai take hawa ba, tana hawa kujera da tebur da linzamin kwamfuta, har da almakashi. Asalinta daga Girkanci ne, ergon aiki, nomos ƙa'ida. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Wojciech Jastrzębowski, shi ya fara haɗa su a 1857, sannan a 1949 masana a Ingila suka kafa ƙungiya da sunan. In muka bi asalin kai tsaye sai mu sami "ƙa'idar aiki", Bahaushe kuwa in ya ji haka, lokacin zuwa ofis da na tashi zai kawo a ransa. Don haka asalin bai fitar da mu ba. Sai mun tambayi me abin yake yi, kamar yadda magabata suka kalli abin da ke tashi sama da mutane suka ce jirgin sama, ba su tsaya neman ma'anar kalmar Turancin ba. Aikin da aka kafa Hukumar Harshen Hausa don shi ke nan a 1955, kafin ta ma ga masu rubuta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 suna fama da irin wannan kowace fitowa.

Ɗalibi: To "mai kare lafiyar hannu" fa, Malama?

Ma'aikacin gashin ƙashi: Wannan ni ne zan ƙi shi, don alkawari ne da allon ba zai iya cikawa ba. Bari in faɗi abin da yake yi a zahiri, sai masu Hausa su nemo suna. Ku miƙa hannuwanku gaba ku sake su: za ku ga tafukan suna ɗan fuskantar juna, kamar za a yi musabaha, kuma tazarar da ke tsakaninsu faɗin kafaɗa ce. Allo na gama-gari yana tilasta abu uku. Yana matso da hannuwa wuri ɗaya, sai wuyan hannu ya karkace wajen ƙaramin yatsa. Yana sa a kifa tafin hannu shimfiɗe, sai ƙasusuwa biyu na sangalin hannu su murɗe. In kuma an ɗaga 'yan ƙafafun nan na bayansa, wanda kusan kowa ke yi, sai wuyan hannu ya lanƙwashe sama. A wuyan hannu akwai wata matsattsiyar kafa da jijiyoyin motsa yatsu guda 9 suke bi tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na zobe. In aka daɗe ana matse ta, waɗannan yatsun ne ke sagewa, a ji kamar ana tsikara allura, galibi da dare. Tsagar allon tana gyara karkacewa, tudun yana rage murɗewa, shi ke nan. Ba ya warkar da jijiyar da ta riga ta matsu, kuma ciwon suga, ko juna biyu, ko matsalar maƙoƙo suna iya kawo irin wannan sagewar ba tare da mutum ya taɓa kibod ba. In muka sa "lafiya" a sunan, gobe za ka ji mai talla a kasuwa yana sayar da shi a matsayin magani.

Mai shago: Likita, ai ka tona mana asiri tun ba mu fara ba.

Ɗalibi: "Na hannu" kawai? Allon madannai na hannu.

Mai bisnes santa: Haba ƙanena. Je Kasuwar Gumi ka ce kana son kibod na hannu, ka ga ko ba tsoho wanda aka yi amfani da shi za a miƙo maka ba.

Tsohon akawu, Unguwar Rimi: Ku gafarce ni in sa baki, jikata ce ke karanta mini. Mu da tafireta muka yi aiki a sakatariya, keken rubutu inji wasu. Kun ga yadda layukan haruffa ba su daidaita ba, kowane layi ya ɗan gauce daga na samansa? Ba don yatsa aka yi haka ba, don sandunan ƙarfen da ke ƙarƙashin madannai ne su sami hanyar wucewa. Tsarin wani Ba'amurke ne mai suna Christopher Sholes, kamfanin Remington na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1874. Sandunan sun tafi, kwamfuta ta gaji gaucewar har yau. Wato a zamaninmu jiki ne yake bin ƙarfe. Manomi kuwa bai taɓa yarda da haka ba: in zai sa ƙota ga fartanya, masassaƙi yakan dube shi, tsawonsa da kamun hannunsa, ya sassaƙa daidai da shi. In na fahimci likita, wannan allon naku ƙarfe ne da aka sa ya bi jiki.

Malamar Hausa: Baba, Allah ya ƙara girma, ai ka gama mana. Mai bin jiki. Kalmar tana bakin mutane tuntuni: mata na cewa yadi mai bin jiki, wanda ke kwanciya yadda jiki yake ba tare da ya matse ba. Ba ta yi alkawarin daɗi ba, ba ta yi na magani ba, ta faɗi wa ke bin wa. Kuma tana tafiya ko'ina: kujera mai bin jiki, tebur mai bin jiki, kujeru masu bin jiki. Shi fannin ilimin sai a ce ilimin daidaita kayan aiki da jiki, wannan na aji ne, tsawonsa ba damuwa.

Ɗalibi: Ba za a taƙaita a ce bi-jiki ba, kamar dafa-duka ko hana-salla?

Malamar Hausa: Irin waɗannan baki ne ke haifar su, ba a rubuta su da umarni. A-daidaita-sahu ba wani kwamiti ya zauna ya raɗa wa babur mai ƙafa uku ba. In 'yan kasuwa suka gajarta, sai mu bi su.

Mai bisnes santa: Ni na fi son "mai bin hannu" in allo ake magana, don hannu ne a kai.

Ma'aikacin gashin ƙashi: Hajiya, a bar shi a jiki. Da yawan masu zuwa wurinmu kafaɗar dama ce ke damunsu, saboda ɓangaren lambobi da ke gefen allo yana tura linzami can nesa, su yini da hannu a miƙe. Shi ya sa Microsoft ta ware lambobin daban a allonta samfurin Sculpt na 2013, abin da ba ta yi ba a samfurin Natural na 1994. Wanda ba lissafi yake bugawa ba, ya nemi marar lambobin gefe. Kuma a sa a jagorar cewa gwiwar hannu ta tsaya kusa da jiki, allon ya zo daidai da ita ko ƙasa kaɗan, matashin kuma na hutawa ne tsakanin bugu, ba a danne wuyan hannu a kai ana bugawa ba. Tebur in ya yi tsawo, ko wane allo aka saya aikin banza ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Baba da Malama da kowa. Na sa "allon madannai mai bin jiki". Irin tsagaggen zan ce mai tsaga, wanda ya rabu biyu ɗungurungum kuma rababbe. Zan ƙara da abu ɗaya da ya shafe mu: mai buga Hausa a Windows da madannin Alt na dama yake fitar da ɓ da ɗ da ƙ, don haka a duba yana nan kuma babban yatsa na kai masa, wasu ƙananan alluna sun cire shi.

Mai shago: Na ji, zan rubuta mai bin jiki a takardar farashi. Amma duk mai zuwa saye ya zo da shafi ɗaya ya zauna ya buga a shago kafin ya biya, musamman in da yatsa biyu yake bugu yana kallon haruffa. Irin wannan sai ya fara koyon yatsu goma tukuna, in ba haka ba tsagar ba abin da za ta ƙara masa sai nisan tafiya.